Yadda Ake Zaga Hanyoyin Shaƙatawa da Keke ko da Ƙafa

Hanyar shaƙatawa ita ce turbar da aka ware wa masu tafiya a ƙasa da masu keke, inda mota ba ta bi. Wata tana ratsa gandun daji, wata tana bin gaɓar kogi, wata kuma tana hawa tsauni tana sauka. Akwai ma waɗanda asalinsu layin dogo ne da aka daina amfani da shi, aka cire ƙarafan aka share wajen. Duk wanda yake da ƙoshin lafiya daidai gwargwado zai iya bin irin waɗannan hanyoyi. Abin da ya fi jefa sabon shiga cikin wahala shi ne kuskuren lissafin lokaci: ya dubi kilomita a taswira ya raina, sai ga rana tana faɗuwa, ruwansa ya ƙare, ga shi bai ko kama hanyar dawowa ba. Saboda haka yawancin matakan da ke ƙasa suna komawa ne ga tambaya guda: ƙarfe nawa zan juyo?

Mataki na 1: Zaɓi hanya daidai ƙarfinka

Abu uku za ka bincika kafin ka tsayar da shawara: tsawon hanyar, yawan hawan da ke cikinta, da irin ƙasar da za ka taka. Mutane tsawon kawai suke tambaya, alhali hawa da yanayin ƙasa su ne suke cin ƙarfi. Kilomita 8 a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya wasa ne, amma kilomita 8 a cikin rairayi ko kan duwatsu na iya cinye maka rabin yini.

Idan fitarka ta farko ce, ka nemi tsohon layin dogo da aka mayar hanyar shaƙatawa, in akwai shi kusa da kai. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri, don haka aka shimfiɗa layukansa kusan a miƙe, hawansu da wuya ya wuce mita 2 ko 3 a cikin kowace mita 100. A Amurka akwai ƙungiyar Rails-to-Trails Conservancy da aka kafa a 1986 musamman don wannan aiki, kuma ƙasashen Turai da dama sun yi irinsa. Hanyoyin da ke bin gefen kogi ko magudanar ruwa su ma haka suke da sauƙi.

Hanyoyin keken tsauni kuwa ana yi musu alamar launi don nuna wahalarsu. A Birtaniya kore shi ne mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi. A Amurka da Kanada koren da'ira ne, sai shuɗin murabba'i, sai baƙin lu'ulu'u. Kada girman kai ya sa ka tsallake kore. Wanda ya iya keke a kan kwalta bai iya shi a kan saiwoyi da tsakuwa ba tukuna.

Sannan ka duba tsarin hanyar. Wata zuwa da dawowa ce ta turba ɗaya, wata zagaye ce da za ta maido ka inda ka faro, wata kuma tana ƙarewa a wani waje dabam, sai ka tanadi abin da zai maido ka. Ni na fi ba sabon shiga shawarar ta farko, domin duk inda ka gaji kana iya juyawa, kuma hanyar komawa ka riga ka santa. Zagaye ya fi daɗin kallo, amma in ka wuce rabi babu sauran gajeruwar hanya.

Keke ko ƙafa? Keke zai ninka maka nisan da za ka ci sau biyu ko uku, ƙafa kuma za ta kai ka inda keke ba ya shiga, ta kuma ba ka damar ganin tsuntsaye da sawun dabbobi da mai gudu ba ya lura da su. Ka tabbatar an yarda da keke a hanyar, don gandun daji da yawa sun keɓe wasu turbobin ga masu ƙafa kaɗai. Wasu wuraren ma sai da takardar izini ko ɗan jagora ake shiga.

Mataki na 2: Lissafa lokaci, ka yanke sa'ar juyowa

Nan ne ya kamata ka zauna da biro da takarda. A shekarar 1892 wani mai hawan tsauni ɗan Sukotland, William Naismith, ya fitar da wata ƙa'ida da har yau ake aiki da ita: ka ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan ka ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. A sauƙaƙe, minti 12 ga kowace kilomita, da ƙarin minti 10 ga kowace mita 100 da ka hau.

Ɗauki misalin hanya mai kilomita 12 da hawan mita 450. Tsawon zai ci minti 144, hawan ya ci minti 45, jimilla awa 3 da minti 9. To amma Naismith ya yi lissafinsa ne da ƙaƙƙarfan mutum wanda ba ya tsayawa. Kai kuwa za ka huta, za ka ci abinci, za ka ɗauki hoto, wataƙila ka kuskure hanya a wata mararraba ka dawo. Don haka ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai, ya zama awa huɗu da 'yan mintuna. In da yara ko tsofaffi a cikinku, da saurin wanda ya fi kowa nawa ake lissafi.

A keke, sabon shiga kan yi kilomita 12 zuwa 15 a awa idan hanyar a shimfiɗe take kuma a daddaɓe. Da zarar ta zama mai duwatsu da hawa, saurin yakan faɗo ƙasa da 10, wani wajen ma turawa za ka yi.

Da ka samu jimillar, sai ka duba lokacin faɗuwar rana na ranar, ka ja baya da awa ɗaya cur. Wannan shi ne lokacin da dole ka kasance ka fito daga hanya. Daga nan ka cire lokacin da dawowa za ta ci, abin da ya rage shi ne sa'ar juyowa. Misali rana za ta faɗi ƙarfe 6:30, kana son fitowa 5:30, dawowa kuma awa biyu ce: ƙarfe 3:30 ka juyo, ko da ƙololuwar tudun tana gabanka kana hangenta. Ka sa ƙararrawa a waya, domin idan tafiya ta yi daɗi agogo ba ya zuwa rai. Wannan alkawari da kai da kanka shi ne ya fi komai wuyar cikawa, kuma shi ne ya fi komai amfani.

Dabara biyu da ke sauƙaƙa dawowa: in da hali ka fara da ɓangaren hawa tun da sauran ƙarfinka, ka dawo da gangara, a keke kuma ka fita kana fuskantar iska don ta turo ka lokacin da ka gaji. Wanda iska ta tura da safe yakan zaci ƙarfinsa ne, ya yi nisa, sai ya gane kurensa da ya juyo.

Mataki na 3: Taswira da alamomin hanya

Ka sauke taswirar yankin a wayarka tun kana gida. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps, waɗanda ke amfani da bayanan OpenStreetMap, suna aiki ba tare da intanet ba, kuma GPS na waya daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina, don haka zai nuna maka inda kake ko babu sabis. Komoot da AllTrails kuma suna da bayanan waɗanda suka bi hanyar kafin kai. Ka karanta na baya-bayan nan, nan ne za ka ji ko gada ta karye ko an rufe wani sashe. Da ka shiga hanya ka sa wayar a yanayin jirgin sama, domin neman sabis a inda babu shi yana zuƙe batir.

Duk da haka waya tana faɗuwa, tana jiƙewa, tana mutuwa. Taswirar takarda da kamfas ba sa buƙatar caji. A taswira mai ma'aunin 1:25,000, santimita 4 ita ce kilomita ɗaya. A mai 1:50,000 kuwa santimita 2 ce. Siraran layukan nan masu lanƙwasa suna nuna tsayin ƙasa: inda suka matse da juna akwai hawa mai tsauri, inda suka warwatsu fili ne.

Kowace ƙasa da irin alamarta, sai ka koyi ta inda za ka. A manyan hanyoyin ƙafa na Faransa da ake kira GR, farin layi ne a kan ja, kuma idan ka ga an gicciye su to ka kama hanyar da ba ita ba. A hanyar Appalachian ta Amurka, mai kimanin kilomita 3,500, farin fenti ne a jikin bishiya ko dutse. Biyu a jere na gargaɗin cewa akwai kwana a gaba, shuɗi kuma reshe ne da ya rabu da babbar hanya. A hanyar Santiago ta Sifen kibiya ce ruwan ɗorawa. Inda babu bishiya akan tara duwatsu a yi ɗan tsibi. Kada ka rushe shi, kada kuma ka gina naka don sha'awa, sai ka ɓatar da na bayanka.

Mataki na 4: Duba keke kafin ka fita

Minti biyar ya isa. Fara da iska: an rubuta adadin da taya ke ɗauka a gefenta, kuma a kan ƙasa mai tsakuwa gara ka tsaya kusa da ƙaramin adadin, don tayar ta riƙe ƙasa ta kuma rage jijjiga. In ta yi laushi da yawa kuma, dutse zai matse cub, wato robar cikin taya mai riƙe iska, da bakin wili ya huda shi. Sai birki: matse kowanne ka tura keken gaba, bai kamata hannun birkin ya taɓa kan keken ba. Ka san wane hannu ne na gaba, domin a Birtaniya dama ce, a Amurka da yawancin Turai kuwa hagu ce, kuma keken haya ya sha kayar da mutane a kan wannan. Sai sarƙa: ta zama da ɗan mai, ba a bushe ba, ba kuma tana ɗiga ba. Daga ƙarshe ka ɗaga keken kaɗan ka sake shi. Duk abin da ya yi ƙara a kwance yake, ka ɗaure.

Tsayin sirdi ma abin dubawa ne. Zauna ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sak, daidai ne. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa. Hular kwano kuma ta zauna daidai a ka, tazarar yatsa biyu tsakaninta da gira, igiyarta a ɗaure.

Mataki na 5: Abin da za ka ɗauka

Ruwa ne kan gaba. A yanayi matsakaici ka ƙiyasta rabin lita ga kowace awa, a zafi kuwa yakan kai lita guda. Ka raba shi uku a ranka: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya. Idan kashin farko ya ƙare, to sa'ar juyowa ta yi ko agogo bai ce ba. Ruwan rafi, komai garau ɗinsa, sai an tafasa ko an tace ko an sa masa ƙwayar tsarkake ruwa.

Sauran kayan ba su da yawa: abin taɓawa mai ɗan gishiri da mai zaƙi, hula, rigar ruwa mara nauyi, tocila ko da kana ganin da rana za ka dawo, usur, filasta da bandeji da maganin wanke rauni, da leda ta zuba shara. In za ka hau tsauni ka ƙara rigar sanyi, domin zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da ka hau. Mai keke ya haɗa da sabon cub, kayan faci, ƙarafan ɓanɓare taya, ƙaramin famfo da 'yan sifanu. Bakin cub iri biyu ne, siriri mai suna Presta da mai kauri irin na mota wato Schrader. Ka gwada famfonka a gida ka ga ya dace.

Takalmi kuwa, tsohon da ƙafarka ta saba da shi ya fi sabo mai tsada. Safar auduga tana riƙe gumi, damshi kuma shi ke jawo bororo, don haka ta ulu ko ta roba-roba ta fi.

Kafin ka fita ka gaya wa wani sunan hanyar, inda za ka fara, lokacin da za ka dawo, da lokacin da in bai ji daga gare ka ba zai nemi taimako. Ka kuma ajiye lambar gaggawa ta ƙasar da kake.

Mataki na 6: A kan hanya

Ka fara da saurin da za ka iya hira ba tare da haki ba. Sannu ba ta hana zuwa. A hawa ka rage tsawon taku, a gangara ka ɗan lanƙwasa gwiwa, domin saukowa ta fi hawa cin gwiwoyi. Da ka ji wani waje a ƙafarka ya fara zafi, tsaya nan take ka manna filasta; in ka ce sai an kai wajen hutu, bororo ya riga ya tashi. Ka riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan, ka kuma riƙa waiwayawa a kowace mararraba, don hanya takan sauya kama idan ka fuskance ta daga ɗaya ɓangaren.

A keke, ka sauya giya kafin hawan ya kama ka. Sauyawa kana danna feda da ƙarfi shi ke tsinka sarƙa. A gangara ka miƙe daga sirdi, feda biyu a daidaice, nauyinka ya ɗan koma baya, gwiwa da gwiwar hannu a sake. Birkin gaba shi ne ya fi ƙarfin tsayarwa, shi ya sa ake matsa shi a hankali tare da na baya, ba a fizge shi. Ka rage gudu kafin kwana, a cikinta ka saki. Kuma ka dubi inda kake son bi: wanda ya ƙura wa dutse ido, dutsen yake karo.

Hanyar ba taka ba ce kai kaɗai. Ƙa'idar da ƙungiyar masu keken tsauni ta duniya, IMBA, ta yaɗa ita ce mai keke ya ba mai ƙafa da mai doki hanya, mai gangarowa kuma ya ba mai hawa. Ka kaɗa ƙararrawa ko ka yi magana tun daga nesa, ka wuce a hankali. Doki ba ya son abin da ya zo masa shiru ta baya. Kada ka yanke kwanar da aka yi a jikin tudu, an yi ta ne don ruwa kada ya zaizaye ƙasa. In ka tarar da kwatamin ruwa ka bi ta tsakiyarsa, domin zagayewa ke faɗaɗa hanya tana cin ciyawar gefe. In kuma hanyar duka ta zama taɓo, a bar ta sai ta sha iska. Duk abin da ka shigo da shi ka fita da shi, har ɓawon ayaba. In bukatar bayan gida ta kama ka, ka yi nisan mita 60 daga ruwa da hanya, ka tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, ka rufe.

Mataki na 7: Idan abu ya faru

Faci shi ne ya fi zuwa. In tayar baya ce, ka sauke sarƙa kan mafi ƙanƙantar faifan haƙoran giya kafin ka cire wili. Ɓanɓare gefe ɗaya na tayar, zaro cub, sannan ka bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka samu ƙayar ko gilashin. Wanda ya tsallake wannan zai sake faci bayan ɗan taƙi. Ka ɗan hura sabon cub ya yi siffa, ka fara sa bakinsa, ka mayar da tayar da yatsu, ka duba ko'ina kada cub ya maƙale a baki, sannan ka cika iska. Ka gwada wannan sau ɗaya a gida kafin ranar.

In ka ɓata, tsaya. Tafiya cikin ruɗewa ƙara nisa take yi. Ka tuna alama ta ƙarshe da ka gani. Idan kana da tabbacin hanyar komawa gare ta, koma. Idan babu, ko duhu ya yi, ka zauna a fili inda za a gan ka, ka riƙa busa usur sau uku-uku.

Hadari kuwa, ka ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da tsawa ka raba da 3, ka samu nisanta a kilomita. Ƙasa da daƙiƙa 30 na nufin ta kusa: sauka daga kan tudu, nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, jingine keken nesa da kai, don tayar roba ba ta kāre kowa. A jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. Kada ka fake a busasshen kwazazzabo, ruwan da aka yi can sama yana iya cika shi cikin mintuna, kuma ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ba a ratsa shi.

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar nama alamun zafi ya yi wa jiki yawa ne: inuwa, ruwa, hutu, sannan a juya. In mutum ya fara sambatu ko ya rikice, abin ya zama na gaggawa, a yi ta zuba masa ruwa ana fifita a kira taimako. Saran maciji kuma ba a tsaga wajen, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a kai asibiti da sauri.

Mataki na 8: Bayan ka dawo

Fara da sanar da wanda ka bar wa saƙo, kada ya tayar da mutane nemanka. Ka duba jikinka ko kaska ta kama, musamman bayan gwiwa, hammata da ƙugu. In ka samu, ka kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a miƙe ba tare da murɗawa ba, ka wanke wajen. Ka goge ƙurar keke, ka sa wa sarƙa mai ka goge rarar, ka liƙe cub ɗin da ya huje ya zama na ajiya. Sannan ka rubuta awa nawa tafiyar ta ci da yawan ruwan da ka sha, ka kwatanta da lissafin da ka yi a mataki na 2. Idan ka yi awa biyar a inda ka ƙiyasta huɗu, to a fita ta gaba ka ƙara kwata a kan duk abin da lissafi ya ba ka, kuma kada ka tsawaita hanyar fiye da 'yan kilomita kaɗan a kan wadda ka gama.